Wai masoyin James Bond na gani-kashe-ni ne ya dace ya ba da umarnin sabon fim ɗin?

Abba T/Wada:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah wata magana ce ta tsaya min a rai, daren jiya ma sai da muka raba dare muna musu a kanta a majalisarmu ta bakin mai shayi nan Tudun Wada, har mai shayin ya wanke kofunansa ya kife bamu daidaita ba, shine nace bari in kawo ta nan ko zan samu waɗanda suka fi ni sani.

Kun dai ji tun watan Yunin 2025 kamfanin Amazon MGM ya sanar cewa Denis Villeneuve ne zai ba da umarnin fim ɗin James Bond na gaba, wato na 26 kenan in aka faro lissafi daga Dr. No na 1962. Mutumin nan ɗan Kanada wanda ya yi Sicario da Arrival da Blade Runner 2049 da Dune guda biyu. Aiki kam babu wanda zai ce bai iya ba. Abin da ya dame ni shine bayanin da ya fitar lokacin da aka sanar, inda ya nuna shi masoyin Bond ne na ƙin ƙarawa, tun yana yaro yake kallo tare da babansa, kuma a wurinsa abu ne mai alfarma da ba a wasa da shi. Abokaina suka ce ai shikenan an dace, an ba mai kaya kayansa. Ni kuwa wallahi gabana ne ya faɗi.

Dalilina shine ni ma masoyin ne, na san yadda zuciyar masoyi take. GoldenEye na fara gani a kaset ɗin yayana ina firamare, wurin da Pierce Brosnan ya diro daga saman dam ɗin nan da igiya a ƙafa, na maimaita wurin har kaset ɗin ya fara ja. Yau in ka ce min akwai kuskure a fim ɗin sai mu ɓata. To shi ne ai ake cewa so hana ganin laifi. Kuma ku tuna inda aka tsaya, a No Time to Die na 2021 kashe Bond aka yi, kashewa ta gaske, makamai masu linzami suka sauka a kansa a tsibirin nan. Kenan wanda zai zo yanzu ba fenti zai yi wa gida ba, daga tushe zai faro gini, kuma dole sai ya rushe wasu abubuwan da muka saba da su. Mutumin da yake ganin gidan da alfarma zai iya ɗaga diga ya sari bango? Ko zai cika mana fim da tsohuwar mota da tsohuwar waƙa da tsofaffin maganganu dan mu riƙa cewa kai na tuna wannan? Ko kuwa baƙo ya fi, wanda abin bai dame shi ba? Ina jiran ra'ayinku, musamman iyayenmu da suka ga na jaruman Bond na da, Sean Connery da Roger Moore, a lokacinsu.

Baba Mai Kaset (Kawo):

Wa alaikumus salam ɗana Abba, Allah ya yi maka albarka, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni na yi shekaru ina da shagon hayar kaset a Kawo tun zamanin da sai ka hura kan bidiyo ka goge shi da auduga kafin hoto ya daina rawa, kuma ina gaya maka gaskiya tsakani da Allah, a duk shekarun nan ba a taɓa samun mutum ɗaya da ya shigo yace min Malam wane darakta ne ya yi wannan ba. Cewa ake akwai sabon 007? Ko a ce a ba ni na mai haƙorin ƙarfe, wato The Spy Who Loved Me na 1977 wanda farar motar nan take shiga teku ta koma jirgin ƙarƙashin ruwa, ko a ce na mai jifa da hula, wato Goldfinger. Na Indiya kuwa, Octopussy na 1983 da aka ɗauki wani sashe a Udaipur kuma Kabir Bedi ya fito a ciki da rawani, wannan ko kwana ɗaya baya yi a kan kanta, mata ma aikowa suke a karɓar musu.

Abin da yaran yanzu basu sani ba shine a da ba kullum ake ɗauko babban darakta daga waje ba, wani lokaci yaran gida ake ba wa. Peter Hunt shi ne mai haɗa hoto a finafinan farko, sai a 1969 aka ba shi ya yi On Her Majesty's Secret Service. John Glen ma haka, ya daɗe yana yi musu haɗa hoto da ɗaukar wuraren faɗa kafin a ɗora shi, shi kaɗai ya yi biyar a jere daga 1981 zuwa 1989, uku da Moore biyu da Timothy Dalton. Kamar dai yaron kanikawa ne da ya fara da miƙo sifana har ya zama shi ke sauke inji. Kai Steven Spielberg da kansa, da sunansa da komai, ya nemi a ba shi Bond, Cubby Broccoli mai gidan ya hana, daga baya ne shi da George Lucas suka yi Indiana Jones a 1981.

To ni a nawa ganin ɗana, tunda yanzu babu wannan tsarin na yaran gida, masoyi shi ne mafi kusa da yaron gida. Ya san abin da ya sa mutum ya ciro kuɗinsa ya biya. Mutum yana son ya ga an leƙo jarumi ta bakin bindiga ya juyo ya yi harbi jini ya gangaro, a yi wata ɓarna kafin rubutu ya fito, a saka waƙa, a kai shi ƙasashe uku huɗu, a samu bos mai tsoratarwa. Ni wanda nake tsoro shine daraktan da yake jin kunyar Bond, wanda yake ganin ya fi ƙarfin irin wannan fim ɗin. Quantum of Solace na 2008 na kalle shi da tabarau na kalle shi babu tabarau, tseren motocin farkon nan har yau ban gane wa ke bin wa ba.

Sadiq Edita:

Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara girma. Maganar yaran gida da ka kawo wlh ban taɓa kallonta ta nan ba, kuma ta yi min daɗi tunda sana'ata ce aka yaba. Sai dai a yi wa Quantum ɗan uzuri kaɗan, lokacin marubutan fim na Amurka sun shiga yajin aiki daga ƙarshen 2007, aka fara shutin labarin bai gama nuna ba, amma yankan da aka yi masa kam na yarda ya yi sauri da yawa.

Malam Abba tsoronka yana kan hanya, bari in baka abin da ya faru a gabana. Akwai wani darakta da na yi wa editin nan cikin Kaduna, ba sai na kama suna ba, mutumin kirki ne kuma ya iya aiki. Tun yana yaro akwai wani tsohon fim ɗin Indiya da yake mutuwar so, shine ya gina labarinsa a kan irinsa. Akwai wani sin da uwa take rabuwa da ɗanta a tasha, mun je lokeshan tun asuba dan a samu hasken safiya, kuma sin ɗin ya yi kyau ba ƙarya, matar ta yi kuka na gaske har masu sayar da burodi a tashar suka tsaya kallo. Matsalar minti goma sha ɗaya ne, kuma duk abin da zai faɗa wa mai kallo an riga an faɗa a minti biyun farko. Muna zaune ni da shi a ɗakin editin, an ɗauke wuta jen yana ta ƙara a waje man ma saura kaɗan, na ja sin ɗin na rage shi zuwa minti uku na kunna masa. Ya kalla, ya yi shiru, ya ce Sadiq na san naka ya fi amma mayar min da shi yadda yake, saboda wannan wurin na yi fim ɗin gaba ɗaya. Na mayar. Ranar da muka tara mutane suka kalla kafin a sake shi, ina tsaye a baya ina ganin hasken wayoyi yana tashi ɗaya bayan ɗaya daidai wurin, shi kuma yana gaba yana share hawaye.

Kunga abin da so yake yi kenan in babu mai taka masa birki. Amma ba kullum ba, kuma misalin yana cikin Bond ɗin kansa. Sam Mendes mutum ɗaya ne, son da yake wa tsofaffin finafinan ɗaya ne, shi ya yi Skyfall a 2012 shi ya yi Spectre a 2015. A Skyfall ya fito da tsohuwar Aston Martin ɗin Goldfinger daga gareji, amma akwai dalili a labarin, suna gudu ne suna son motar da ba za a iya bibiyarta da na'ura ba, kuma a ƙarshe ya bari aka tarwatsa ta a gabanmu, ya kuma kashe M, shugabar Bond a wurin aiki, wadda Judi Dench take fitowa a matsayinta tun 1995. Fim ɗin ya haura dala biliyan ɗaya. Da ya dawo Spectre kuma sai aka kwaso komai aka zuba, farar mage, tabo a ido, faɗa a jirgin ƙasa irin na From Russia with Love, asibiti a kan dutsen ƙanƙara, har aka ce wai Blofeld, bos ɗin fim ɗin, a gidan ubansa Bond ya yi zaman riƙo kuma hassada ce ta sa shi duk abin da ya yi. Duniya guda ta ƴan leƙen asiri aka mayar da ita rikicin ƴan uba.

Wanda nake nuna wa yaran da nake koya wa aiki shine Casino Royale na 2006 na Martin Campbell. Babu Q mai ƙera wa Bond na'urori babu Moneypenny sakatariyar M, babu agogo mai fitar da wuta, an fara shi da hoto baƙi da fari da dambe a banɗaki, kiɗan Bond cikakke da gabatar da sunan nan da kowa ke jira sai a daƙiƙun ƙarshe aka ba mu. Sama da awa biyu aka hana mu abin da muke so, shi ya sa da ya zo sai da tsigar jikina ta tashi. Tambayata game da Villeneuve ita ce ko zai iya hana kansa abin da yake so har tsawon haka.

Anti Hauwa U/Rimi:

Sannunku da hira. Ƙanena Abba ni ban yarda cewa masoyi baya iya taɓa abin da yake so ba, kuma hujjata daga Indiya zan ɗauko ta tunda mu can muka fi ƙarfi. Don na Amitabh Bachchan na 1978, waye a Arewa bai san shi ba? Farhan Akhtar da fim ɗin ya tashi, kai babansa ma Javed Akhtar shi da Salim Khan suka rubuta labarin, kenan ya wuce masoyi ɗan gida ne na jini. Da ya sake yin sa a 2006 da Shah Rukh Khan ya bar waƙoƙin da ake so, ya bar sunaye, ya bi labarin tiryan-tiryan har muka saki jiki muna ganin mun san ƙarshe, sai a minti na ƙarshe aka gane ashe Don bai mutu ba, Vijay mai kama da shi ne ya mutu, mugun muke ta yi wa addu'a tun ɗazu. Ni da ƙannena muna falo muka miƙe tsaye gaba ɗaya. Baƙo ba zai iya wannan ba, sai wanda ya san daidai inda zuciyarmu ta kwanta a tsohon sannan zai san inda zai murɗa.

Shi ma Villeneuve ɗin ai an gwada shi a kan abin da yake so. Littafin Dune tun yana matashi ya karanta yake mafarkin yin sa, amma a kashi na biyu na 2024 ya canza Chani masoyiyar jarumin labarin Paul sosai, a littafi tana goyon bayan Paul ne, shi kuma ya sa ta tsaya tana ja da shi har ta juya ta tafi abinta a ƙarshe. Wasu masu son littafin sun ji haushi, bai fasa ba. Kuma ni a matsayina na mace wannan ne ya sa nake murna, ku dubi Emily Blunt a Sicario da Amy Adams a Arrival, mata ne masu hankali da aikin yi, labarin a kansu yake tafiya. Tsofaffin Bond da yawa bana iya kallonsu da yarana saboda yadda ake ɗaukar mace kamar kayan ado, a yi wasa da ita a kashe ta a wuce. Vesper, masoyiyar Bond a Casino Royale, ita ce ta fara sa na ji an ɗauke mu mutane.

Inda nake da damuwa daban ne, raha. Finafinansa akwai kyau akwai nauyi amma ba a dariya, mutane suna magana ƙasa-ƙasa suna kallon sahara. Blade Runner 2049 kusan awa uku ne, masana sun yaba, mai ɗaukar hotonsa Roger Deakins wanda shi ne ma ya ɗauki Skyfall ya ci Oscar da shi, amma kasuwa bai yi yadda aka zata ba. Bond kuwa ko ana tsakiyar wuta sai ya gyara wuyan riga ya saki wata magana. In aka rasa wannan ko an kawo mota goma ba Bond bane.

Abba T/Wada:

Anti wlh misalin Don ɗin nan ya kashe min baki, ban taɓa haɗa su ba. Amma Farhan fim ɗaya ya tarar, shi kuwa wannan 25 zai tarar da jarumai shida, kuma masu son Connery daban masu son Daniel Craig daban, wanne daga ciki zai yi wa biyayya? Yaya Sadiq labarinka kuma ya tsaya min, dan ni ma da ni ne da cewa zan yi a mayar.

Nura Barnawa:

Ku yi haƙuri in shigo, ni ina ganin duk kun ɗora wa darakta kayan da ba nasa ba. Bond tun asali fim ɗin furodusa ne. Cubby Broccoli da Harry Saltzman suka kafa kamfanin Eon a 1961, bayan Cubby ya rasu a 1996 ƴarsa Barbara da ɗan matarsa Michael G. Wilson suka ci gaba da riƙewa, su ke zaɓar jarumi su ke cewa eh ko a'a. A 2005 da suka ɗauki Daniel Craig masoya ne fa suka fi kowa tada jijiyar wuya, wai gashinsa fari-fari ne wai bai yi kama da Bond ba, da an bi ta masoya da bamu samu Casino Royale ba. Danny Boyle mai Oscar, wanda ya yi Slumdog Millionaire, an ba shi na 25 amma a 2018 ya ajiye ya tafi saboda ra'ayinsu bai zo ɗaya da masu gida ba, shine aka kawo Cary Fukunaga.

Yanzu kuma masu gidan sun sauka. Amazon ta sayi MGM a kan dala biliyan 8.45, cinikin ya kammala a 2022, sannan a Fabrairun 2025 Barbara da Wilson suka miƙa musu ikon yanke hukunci a kan finafinan. Amy Pascal da David Heyman ne furodusoshi, Steven Knight mai Peaky Blinders shi aka ba rubutu. Duk ƙwararru ne ban musa ba, amma aiki aka ɗauke su, ba gadon ubansu bane. Iyalan Broccoli in sun ga abu bai nuna ba suna iya zama shekara shida babu fim, an yi haka tsakanin 1989 da 1995 duk da dai shari'a ce ta jawo wancan. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗin kuma yana da manhajar kallo da yake son cikawa, abin da nake tsoro kenan, kar a wayi gari ana yanka Bond gunduwa-gunduwa ana yin mai dogon zango na kowane ɗan aike da ya taɓa wucewa ta ofishin M. A irin wannan yanayin ni gara min masoyi mai suna wanda in yace a'a za a ji, dan a ɗakin taron nan dole a samu mutum ɗaya da zai ji zafi in an wulaƙanta abin.

Sadiq Edita:

Malam Nura wannan haka yake. Amma ka lura, a da Barbara ce mai ce wa darakta a'a, yanzu kuma kana so darakta ya zama mai ce wa kamfani a'a. To shi wa zai ce masa a'a ranar da ya zauna a gaban kwamfuta da sin ɗinsa na minti goma sha ɗaya? Ni da na zauna a kujerar nan na san edita baya iyawa in darakta ya fi shi ƙarfi.

Baba Mai Kaset (Kawo):

Sadiq ɗana, shi ya sa Peter Hunt da John Glen suke burge ni, sun yi shekaru suna yanke aikin wasu kafin a basu nasu. Hauwa maganar raha da kika yi ita ce tawa, Roger Moore gira ɗaya zai ɗaga shago ya kaure da dariya.

Abba, kaset ɗin On Her Majesty's Secret Service yana nan a kwali a ɗakina, bidiyon ce dai ta mutu amma jikana ya samo min fim ɗin a filashi. A zamanin shago shi ne wanda aka fi dawo min da shi ana ƙorafi, wai jarumin ba Connery bane kuma an harbe amarya ranar aurenta fim ya ƙare a haka babu ramuwa, yau kuma shi manyan daraktoci irin su Christopher Nolan suke yabo. Ka zo Kawo ranar Asabar bayan la'asar kai da abokan musun naka mu kalla tare, ka taho da Sadiq in yana da sarari, ina so ya nuna min inda shi zai yanke a tseren kan ƙanƙarar nan.